Kabbara Huɗu Domin Luba

Duk wanda ya tashi a lungun 'yan turare da ke bayan Jakara ya san abu biyu game da Malam Ashafa, limamin masallacin unguwar. Na farko, mutum ne mai saurin hawaye. Na biyu, in ya ce a'a, to ka nemi takalmanka ka kama gabanka, don ko wuni za ka yi a zaurensa ba za ta koma e ba. Limancin gadonsa ya yi daga mahaifinsa, Liman Garba, ya kuma gada har da ɗan tarin da tsohon yake yi kafin ya tayar da kabbara. Abin da ya tarar ana yi, shi yake yi. Ko lasifika ma sai da aka daɗe ana lallashinsa kafin ya yarda a ɗaura ta a kan masallaci.

A shekarar da yaƙe-yaƙe suka yi yawa, wayoyin mutane suka cika da hotunan da ba a iya kallo sau biyu. Yau Gaza, gobe Sudan. Malam ba ya riƙe babbar waya, amma ba a rasa mai miƙo masa tasa bayan La'asar. Ya kalla sau ɗaya, ya ga wani uba rungume da ƙullin farin ƙyalle, ya kau da kai ya ce kada a ƙara nuna masa. Tun daga ranar ya tsawaita addu'ar bayan salla, yana kiran ƙasashen da sunayensu, muryarsa tana karyewa har na sahun baya su ji. Ya sa aka sauke Alƙur'ani, ya sa mata suka yi waina aka rabar sadaka. Ba wanda zai ce abin bai dame shi ba.

Sai samarin unguwa suka zo masa da wata buƙata. Jagoransu Nazeer ne, yaro mai ladabi da kaifin baki, wanda yake karatu a Khartoum lokacin da yaƙin ya ɓarke, aka kwaso su a mota suka baro littattafansu a can. Ya durƙusa ya gaida Malam, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, masallatai da yawa a gari sun yi wa mutanen nan salatul ga'ib, sallar gawa ga wanda ya mutu a nesa. Muna roƙo mu ma a yi a nan."

"Ina gawar?" in ji Malam.

"Ai Malam, shi ya sa ake ce mata ta ga'ib. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sarkin Habasha daga Madina."

"Na karanta wannan tun mahaifinka bai yi kaciya ba," Malam ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Malaman mazhabarmu sun ce wannan darajar Annabi ce shi kaɗai, a gare mu kuwa makaruhi ne. A ajiye mini gawa a gabana in yi mata salla. Ban taɓa yi wa fili kabbara ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Addu'a kuwa, ku zo mu yi har muryoyinmu su dushe."

A gaban jama'a ya faɗi haka, a ƙofar masallaci. Dattawa suka gyaɗa kai, samari suka tashi suna ƙunƙuni, maganar ta mutu a nan. Da yaƙin ya tsaya a cikin wayoyi, da shi ke nan.

Gida na huɗu daga masallacin gidan 'Yardada ne. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haifi rabin masu yin salla a bayan Malam. Ta girme shi, har ta taɓa goya shi yana jariri, shi ya sa duk rawaninsa Yaya yake ce mata. Ita ta wanke mahaifiyarsa, ita ta wanke uwargidansa. Tsohuwa ce siririya mai ƙarancin magana ga masu rai, amma in ta shiga ɗaki da gawa sai bakinta ya buɗe. Takan kira mamaciyar da sunanta, tana gaya mata duk abin da za ta yi kafin ta yi shi, don a cewarta bai kamata a juya mutum ba a sanar da shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Luba. Wani ɗan kasuwa ne ya aure ta, Bahaushen Sudan, jikan mutanen nan da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a hanya har zangon ya zama gida. Yakan kawo itacen turare kasuwar Kurmi, a nan ya gan ta, ya tafi da ita Umdurman. Tana zuwa ganin gida jefi-jefi, da lalle har gwiwar hannu da Hausa mai ƙanshin Larabci. Tana da ciwon suga, tana kuma da 'ya budurwa mai suna Bahijja.

Wata safiya labari ya zagaya lungu cewa Luba ta rasu. Maza suka fito da tabarmi suka shimfiɗa a ƙofar gidan kamar yadda aka saba, mata suka fara shiga da mayafansu. Ba a jima ba sai ga matan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kallon ƙasa. 'Yardada ta aiko a naɗe tabarmin. Ta ce ba ta karɓar gaisuwa.

Da Malam ya ji, ya saɓa rawaninsa ya tafi da kansa. Ya yi sallama a soro, ta fito ta zauna a bakin ƙofar tsakar gida, idanunta a bushe ƙayau. Wannan ya fi ba shi tsoro a kan kuka.

"Yaya, ya haƙuri?"

Ta kwance bakin zaninta ta ciro waya, ta lalubi wurin da aka nuna mata ta danna, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. Muryar yarinya ta fito, tana sauri tana sarƙewa, ana jin wani abu yana dukan ƙasa a can nesa.

"Kaka, ni ce Bahijja. Umma ta rasu. Allurarta ta ƙare, asibiti a rufe, kantin magani an fasa. Abba yana ƙetaren kogi, an hana wucewa ta gada. Ba namiji ko ɗaya a layinmu, wasu sun gudu, wasu an tafi da su. Ni da maƙwabciyarmu muka haƙa rami a tsakar gida, gindin lemo. Ruwan da ya rage mana na sha ne, ba mu yi mata wanka ba. A zanin gado muka naɗe ta. Kaka, na tsaya zan yi mata salla, ban iya ba. Ban san me ake cewa ba. Wallahi ban iya ba, Kaka, ki yafe mini."

Muryar ta yanke. Hawaye ya riga ya jiƙa gemun Malam. Ya yi ta maimaita innalillahi har numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce za a sauke mata Alƙur'ani yau ɗin nan, za a yi sadaka, zai ambace ta a bayan kowace salla.

"Na gode, Malam. Allah ya ba da lada," in ji 'Yardada. "Amma salla nake tambaya."

Ya san za a zo nan tun kafin ya baro gida. Wata dabara ta zo masa, ya ji kamar ya ce mata ai Luba shahada ta yi, shahidi kuwa ba ya buƙatar wanka ko salla. Maganar ta zo har bakinsa ya haɗiye ta, don ya san wannan hukuncin na wanda ya faɗi a fagen fama ne, ba na matar da allura ta yanke wa ba. Bai saba yi wa mutane ƙarya don su ji sanyi ba.

"Yaya, kin san matsayina. Salla tana son gawa a gaba."

"Na sani. Ina daga cikin gida na ji abin da ka gaya wa yaran nan." Ta ɗauki wayar ta mayar bakin zani. "Ba gori zan yi maka ba. Duk macen da ta mutu a unguwar nan, ni nake fara aikin, in miƙo maka ita ta ƙofa ka ƙarasa. To nawa aikin ya wuce ni. Hannu yake so, hannuna kuma bai kai Umdurman ba. Naka fa, Malam? Naka ai tsayuwa ce da baki."

Daga ƙarshe ya kawo mata abin da yake riƙe da shi tun yana yaro: ƙanin mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka, labari ya iso bayan watanni, Liman Garba ya yi kuka kamar ransa zai fita, amma bai yi masa sallar nesa ba. Abin da uba bai yi wa ɗan'uwansa na jini ba, ta yaya ɗa zai ƙirƙiro shi?

"To shi ke nan," ta ce. Ba ta yi musu ba, ba ta roƙe shi ba. "Amma ni ba zan zauna a ce mini ya haƙuri ba. Gaisuwa bayan salla take zuwa. Tawa 'yar tana nan kwance ba a sallame ta ba." Ta dafa bango ta tashi ta shige ciki.

Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙofar gidan ba tabarma. Abin ya tsaya wa unguwa a maƙogwaro. Mutum ya haɗu da tsohuwar a hanyar famfo ya rasa me zai ce mata, don ba a yi wa wanda bai karɓi mutuwa ba ta'aziyya, ba a kuma yi masa hirar duniya. Maƙwabta suka ce abincin da ake kai mata yana dawowa kusan yadda ya tafi.

Malam kuwa aka sa shi a tsakiya. Nazeer ya dawo da hujjoji a rubuce a waya, har da sunayen malaman da suka ce wanda ya mutu inda ba a sallace shi ba, haƙƙinsa yana wuyan duk Musulmin da labari ya iske. Malam ya ce masa ya san su, ya kuma san shafin da suke. Bayansa sai ga Malam Ɗayyabu, na'ibinsa, tsohon ɗalibin Liman Garba, wanda ya fi Malam ɗin kansa riƙon abin da aka gada. Ya ce, "Kada tausayi ya ja ka, Malam. Ka riga ka yi magana a bainar jama'a. In ka buɗe ƙofar nan saboda mace ɗaya, gobe yaran nan su za su riƙa gaya maka yadda za ka yi alwala." Shi ma Malam Ashafa ya sallame shi. Haushin su biyun yake ji, don kowannensu yana maganar wanda zai yi nasara ne, shi kuwa muryar yarinyar nan ce ta hana shi sakat.

Da hantsi yakan jawo littattafan mahaifinsa, masu gefen da ya sha yatsu har ya yi baƙi, ya buɗe babin jana'iza ya karanta abin da ya haddace tun yana saurayi. Ba abin da ya canza. Sai dai wata rana, yana cikin karatun, wani abu ya faɗo masa wanda bai taɓa tsayawa a kansa ba. Baffan nan nasa da ya mutu a hanyar Makka, a cikin ayari ya mutu. Abokan tafiyarsa sun wanke shi, sun yi sahu, sun sallace shi kafin su wuce. Liman Garba bai hana ɗan'uwansa komai ba. Malam ya rufe littafin ya daɗe a zaune. Duk da haka bai tashi ya tafi gidan 'Yardada ba. Mutum ne da janye magana take yi masa wuya fiye da ciwo, kuma yana tsoron ranar da zai tsaya gaban Allah a tambaye shi dalilin da ya bar hanyar malamansa.

Ana cikin haka Asibi matar Ɗahiru mai gyaran keke ta rasu, bayan doguwar jinya. Sa'ar Luba ce, tare suka yi makarantar allo, tare suka yi tallan ƙosai a bakin Kurmi. Mutane suka fara raɗe-raɗin wa zai yi wankan, don ba wanda yake da fuskar da zai tunkari 'Yardada. Ba a ma kai ga aika mata ba sai ga ta ta fito da ƙwaryarta da garin magarya da sabulu, ta ratsa maza ba ta kalli kowa ba, ta shige gidan.

Malam ne ya yanka likkafani, aka ɗinka a soro. Da aka gama ya ɗauka da kansa ya kai bakin ƙofar ɗakin da ake wankan, wanda yake jikin soron, don ya miƙa wa matan. Labule ne kawai a tsakani. Yana jin zubar ruwa, yana jin muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa, yadda ya sha jin ta.

"Asibi, zan wanke miki hannun dama. Yawwa. Yanzu zan ɗaga kanki kaɗan, kada ki damu."

Ruwa ya zuba.

"Sannu, 'yar nan. Kin sha wuya. Zan juya ki, Luba, ruwan ba sanyi, na sa an ɗumama miki. Bari in tsefe miki kan nan, duk ƙasa ce a ciki, Luba, duk ƙasa..."

Sai maganar ta tsaya. Malam ya ji an ajiye ƙwarya a hankali. Can sai muryar ta dawo, a shaƙe. "Astagfirullah. Yafe mini, Asibi. Ke ce. Zan juya ki."

Malam ya tsaya riƙe da likkafanin. Wani irin baƙin ciki ya kama shi, tare da kunya, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya ɗaura rawani. Ya miƙa ƙyallen ta gefen labule ya fito waje, ya zauna a kan dakali.

Aka fito da makara aka ajiye a filin ƙofar masallaci, kan mamaciyar a dama. Jama'a ta taru sosai, don Ɗahiru mutumin mutane ne, har daga Ƙofar Na'isa an zo. Malam ya tsaya daidai kafaɗarta, inda liman yake tsayawa in gawar mace ce. Ya yi ɗan tarinsa, ya yi kabbara huɗu da addu'o'insu, ya yi sallama. Matasa suka sunkuya suka ɗaga makarar.

Da suka ɗauke ta, sai gabansa ya zama fili. Ƙasa ce kawai da sawun makara, sai katangar wani gida, sai sama. Ya tsaya yana kallon wajen. Gabas ce, inda ya fuskanta duk rayuwarsa. Yana yaro mahaifinsa yakan tsaya da shi a wannan filin ya nuna masa da sanda, ya lissafa masa zangon mahajjatan ƙafa: Borno, Chadi, Fashir, Umdurman, bakin teku, sannan Ɗakin Allah. Ta nan baffansa ya bi. Ta nan aka tafi da Luba tana amarya. Ashe duk kwanakin nan da yake cewa a kawo masa gawa gabansa, tana can a gaban nasa, tsakaninsa da alƙibla, a gindin lemo. Ya san wannan ba hujja ba ce da zai kai gaban malamai. Nisa nisa ne. Amma ya kasa juyowa.

"Kada sahu ya watse," ya ce.

Mutane suka tsaya cak, masu makara suka waiwayo. Malam ya kira Ɗahiru, ya kama hannunsa. "Ɗahiru, haƙƙin matarka ne a gaggauta kai ta. Ina roƙonka aron mutanen nan, na tsawon kabbara huɗu kawai. Don ƙawarta."

Ɗahiru ya gane nan take. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Ko ita aka tambaya, Malam, cewa za ta yi a jira." Ya yi wa matasan alama, suka ajiye makarar a inuwa a gefe.

Malam ya juyo ya fuskanci jama'a. Bai iya dogon jawabi ba, ranar ma bai yi ba.

"Kun ji ni a wurin nan na ce ba zan taɓa yin sallar nesa ba. Malamanmu sun ce makaruhi ce, ban kuma ce sun yi kuskure ba. Amma akwai malaman da suka ce wanda aka binne ba salla, nauyinsa yana kan wanda ya ji. Mun ji. Da kunnena na ji. Yau maganarsu zan ɗauka, in akwai laifi a wuyana yake, ba a naku ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya koma gefe, ba na riƙe shi da komai."

Malam Ɗayyabu ya fita daga sahun farko, ya je ya tsaya a jikin bango yana jan carbi, fuskarsa a murtuke. Dattawa biyu suka bi shi. Malam ya ga fitarsu, abin ya yi masa ciwo, don ya san ba lallai su sake kallonsa da idon da ba. A ɗaya gefen kuma ya hango Nazeer yana ɗaga waya sama.

"Nazeer, mayar da ita aljihu. Ba wasa muka zo nunawa ba. Shigo sahu ka cike gurbin can."

Yaron ya sunkuyar da kai ya shigo.

"Sallar mace ce," in ji Malam da ƙarfi, yadda ake sanarwa. "Luba 'yar 'Yardada, da ta rasu a Umdurman. Da ita da duk wanda aka rufe a ƙasashen nan bai sami mai tsaya masa ba."

Ya juya gabas. Sai ya rasa inda zai tsaya. Duk tsawon limancinsa gawa ce take nuna masa wurinsa, yau kuwa ba komai sai ƙasa. Ya rufe ido ya kwantar da ita a zuciyarsa, a cikin zanin gadonta, kanta a dama. Sannan ya matsa taku ɗaya zuwa dama. Bai yi tarin ba. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, sahu suka amsa a bayansa har cikin lungu.

A kabbara ta uku muryarsa ta ƙi fita sai da ya sake. Ya roƙa mata gafara, ya roƙa a yalwata mata kabarinta, a wanke ta da ruwa da ƙanƙara da raɓa kamar yadda addu'ar ta zo. Da ya kai wurin wankan nan sai kuka ya ci ƙarfinsa, ya daɗe kafin ya iya kabbara ta huɗu. Ya yi sallama a hankali. Aka ɗauki Asibi aka nufi maƙabarta.

Rana ta take sosai lokacin da suka dawo. Malam yana tafe a baya, ƙafafunsa duk ƙasar kabari, ba wanda ya matso ya yi masa magana. Da ya shawo kwanar lungu sai ya ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida na huɗu, har maza sun fara zama. Daga cikin gidan kuma kuka ne yake tashi, kukan tsohuwa, mai ƙarfi, irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

Ya tuɓe takalmansa ya shiga soro ya yi sallama. Sai da aka jima ta fito, mata biyu suna riƙe da ita, hannun rigarta bai gama bushewa daga wankan Asibi ba. Ta zauna a inda ta zauna rannan.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Malam."

"Allah ya jiƙan Luba. Allah ya sa ta huta."

"Amin. Amin." Ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce a daren nan, in waya ta shiga, za ta gaya wa Bahijja ta daina neman yafiya, an yi. Sannan ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi, irin duban mai aiki da yake son ya tabbatar abokin aikinsa bai yi ha'inci ba.

"Ina daga ciki, ban gani ba. A ina ka tsaya mata?"

"A kafaɗarta, Yaya," in ji Malam Ashafa. "Daidai kafaɗarta na tsaya."